Ƙofar da Na Mayar Sabuwa

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ban taɓa mantawa da ranar da muka isa Kurfi da igiyar awon hanya ba. Ku da kuka tarar da ofis da tebur, ku sani a zamaninmu a kan doki tafinta yake aiki. Bature ya yi magana ka juya wa hakimi, hakimi ya amsa ka juya wa Bature.

Wanda nake bi a lokacin mataimakin Di'o ne, wato na biyu ga Baturen da ke duba gundumomi. Kafin a kawo shi ƙasar Katsina ya yi soja a Indiya, kuma wallahi bai bar kunnenmu ya huta da labarin birnin Dilli ba. Har dogarai suka laƙaba masa Mai Dilli. Wai birni ne da aka sha rushewa ana sake ginawa, kowane sarki ya zo sai ya kafa nasa kusa da kangon na baya. Wai sarakunan Musulmi sun gina masallacin Juma'a da jan dutse, sai ka hau matakala har ka gaji kafin ka shiga. Ga lunguna matsattsu cike da maƙeran azurfa, ga masu tashin tantabaru a kan soraye, ga mutane masu ji da kansu, ko mai sayar da ruwa ya buɗe baki sai ka ce ɗan sarki ne. Ni dai tun daga Dutsin-Ma ba abin da nake cewa sai "to, ranka ya daɗe".

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ya ce a zamanin kakansa mutanen birnin sun yi wa Turawa bore, da aka ci su sai aka rushe tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fada. Ya faɗa yana girgiza kai. Ni da shegen wayona na yanke hukunci: Bature ba ya barin ginin da ya taɓa ganin yaƙi.

To, a Kurfi awon hanyar ya faɗa kan wata tsohuwar ƙofar ganuwa. Mai tsaronta Baba Ango, Sarkin Ƙofa, a zaurenta yake zaune, gado tun kaka da kakanni. Ita ce gidansa, ita ce sarautarsa. Ana gobe Bature zai duba, tsohon ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Tafinta, mi za ni ce mashi?"

Na ce, "Baba, kada ka kuskura ka ambaci yaƙi ko tsufa. Ka ce sabuwa ce."

Bawan Allah ya ji maganata fiye da yadda na so. Kafin hantsi ya tara maƙwabta sun yaɓe ta tas da sabuwar laka, har ramukan kibau da ke jikinta sun ɓace.

Mai Dilli ya zo ya zagaya ta a kan doki, ya ce in tambayi shekarunta. Baba Ango ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, bara waccan muka gina ta."

Sai na ga fuskar Bature ta faɗi. Ya ce, "Kash! Na zaci tsohuwa ce. Da tsohuwa ce da na karkatar da hanya, don ba zan yi irin ɓarnar da aka yi a Dilli ba. Tunda lakar jiya ce, a rushe, sa yi wata."

Inna lillahi! Kuma ni ne na juya wa tsohon wannan magana, kalma bayan kalma. Ya miƙe ya ce, "Wallahi tun kafin jihadi take nan! Kakana a cikinta aka haife shi!"

Na juya wa Bature. Sai ya fashe da dariya, ya ce haka 'yan kasuwar Dilli suke, da sun gane kana son tsohon abu, sai tulun jiya ya zama na sarkin farko.

Da na buɗe baki na ce ni na kitsa ƙaryar, da wataƙila ya sa an kankare lakar an gani. Amma tafintan da ya koya wa talaka yi wa Bature ƙarya, ranar ce ƙarshen aikinsa. Na ja bakina na yi shiru, tsoro ne ba wani abu ba. Kwana uku 'yan aikin hanya suka yi suna fama da rushe ƙofar, don ƙasar ta yi tauri kamar dutse. A rahotonsa Mai Dilli ya rubuta cewa bai ga wani tsohon gini a gundumar ba.

Baba Ango ya koma wurin ɗiyarsa a Tamawa. Bai taɓa zagina ba. In muka haɗu sai ya ce, "Malam Tafinta, ina gajiya?" Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ke nan: mai tsayawa tsakanin manya da talakawa, zatonsa ya fi ƙaryarsa ɓarna, don talaka ɗaukarsa yake a kan sani. Da na ajiye aiki aka ba ni takardar yabo, wai ban taɓa kuskuren fassara ba. Gaskiya suka rubuta. Ranar nan ma kowace kalma daidai na juya ta.