Kakin da Ya Toshe Bututu

Tun daga ƙofa Verna ta ƙi jinin mutumin. Dogo ne mai jajayen kunnuwa, takalmansa na jan taɓo har tsakiyar shagonta na kayan farauta, a wani ƙauyen jihar Montana ta Amurka. Ko gaisuwa babu, ya jera harsasai goma a kan teburin shagon, waɗanda ya narka dalmarsu ya ɗura da kansa. Kan wani harsashin ya miƙo daga kwansonsa, na wani ya noƙe ciki. Yana auna su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki.

"Ke, bututun nan da ubanki ya sayar min na banza ne. Ga shi jibi za a buɗe farauta!"

Verna ta karɓi bututun da ke danna kan harsashi cikin kwanso, ta zura masa tsinke. Kakin da ake shafa wa dalma ya fito curi guda, baƙi ƙirin.

"Yallaɓai, ga maƙiyinka nan. Taruwa yake, yana ƙara tura harsashin ciki. Ka kuskura ka harba gajeren harsashin nan, bindigar na iya tafiya da yatsunka."

"Shekara talatin ban taɓa wanke shi ba, kuma bai taɓa yi min haka ba!"

Ta dubi wuyan rigarsa da ya yi maiƙo, maɓalli biyu sun zube, da farin shatin da zoben aure ya bari a yatsansa. Wato shekara talatin matarsa, baiwar Allah, na goge masa bututun, gogan bai ma sani ba. Allah ya sa dai da ƙafarta ta bar gidan, ba a makara ba.