Ginshiƙan da Yaya Ya Cire

Tun kafin ta fara aiki da ofishin duba gine-gine ake ce mata Mai Hoto. Mahaifinta ne ya bar mata sana'ar, da tsohuwar kyamara da wani shuɗin labule da ake tsayar da mutane a gabansa. Hoton fasfo take ɗauka da na 'yan makaranta. Kallo ɗaya za ta yi wa mutum ta san ɓangaren fuskarsa da yake so a gani, ta kuma san wanda yake ɓoyewa.

Mijinta tela ne, shagonsa na wani lungu a ƙasan benen yayansa. Yayan kuwa firji yake sayarwa da injin wanki, kuma ya daɗe yana jin haushin ginshiƙai biyu da ke tsakiyar shagonsa, wai suna kare wa masu saye kaya. Wata rana ya kira masu guduma.

"Yaya, waɗannan fa su ke ɗauke da mu," in ji telan.

"Kai dai riƙe almakashinka. Gini ba riga ba ne."

Girgizar ƙasar da ta zo bayan 'yan shekaru ba babba ba ce. A yawancin gidaje kofuna ne suka zubo, bango ya tsage nan da can. Benen Yaya kuwa durƙusawa ya yi, saman ya zauna a kan ƙasan. Da rana ne, telan yana kan keken ɗinki, bai fito da rai ba. Yaya ya tafi karɓo kaya.

Daga bayan ƙofa ta ji Yaya yana ce wa masu gaisuwa, "Ƙasa ce ta motsa. Wa zai riƙe ƙasa?" Yana faɗa yana kuka, kuma ta yarda kukan na gaske ne. Abin da ba ta yafe ba shi ne na bayan kukan. Ya sayi wani bene a titin gaba, ya zuba 'yan haya, ya kai mahaifiyarsu hawa na sama, sannan ya sake kiran masu guduma. Ta kai ƙara, aka ce ta kawo shaida. Ta faɗa wa dangi, aka ce ta yi haƙuri, baƙin ciki ne ke magana da bakinta. Sai ta yi shiru. Tana gaishe shi har ƙasa, tana kai wa surukarta abinci, tana jira.

Da aka buɗe ofishin aka ce ana neman masu ɗaukar hoton gidaje, ita ce ta fara isa. Injiniyan da ke kula da aikin, wani mai tabarau da ba ya ɗaga murya, ya zaunar da su ya yi bayani. Gine-ginen garin sun fi ƙarfin injiniyoyinsa, in aka ce a bi su ɗaya bayan ɗaya sai a tsufa ana yi. Don haka aka koya wa kwamfuta. An nuna mata hotunan dubban gine-gine daga garuruwan da girgiza ta taɓa, waɗanda suka faɗi da waɗanda suka tsaya, har ta fara gane kamannin masu faɗuwa: ƙasa fili ba bango ba ginshiƙi, sama nauyi, hawa da aka ɗora daga baya. In aka ba ta hoton gida sai ta sa masa kore, ko rawaya, ko ja. Mai ja shi injiniyoyi za su fara shiga da kayan awo.

"Ba ta yanke hukunci," in ji shi. "Layi kawai take shirya mana."

Ka'idar aikin ita ce a ɗauki hoto da sassafe, kafin motoci da mutane su cika titi. Ta bi ka'ida. Ta yi unguwannin da aka ba ta, ta koyi tsayawa daidai tsakiyar gini, ta koyi ja da baya har rufi ya shigo. Da layi ya zo kan titin Yaya ta tsaya a gaban benensa. Ta ɗauki gaba da gefe da baya, ta tura.

Kore ya fito.

Ta tsaya a bayan kujerar injiniyan tana kallon allon. Manyan ƙofofin ƙarfen shagon guda uku suna rufe, an yi musu fenti launin bangon. A hoto sai ka rantse katanga ce.

"Injiniya, wannan abar taka makauniya ce?"

"Abin da kika ba ta shi ta gani, Malama. Mun lura da matsalar, ƙofar shago in tana rufe tana ruɗa ta. Mun sa a sake ɗaukar masu shago a ƙasa da rana."

Amma labari ya riga su isa kasuwa. Da an hango mai kyamara da rigar ofis, sai ka ji ƙarar ƙofofi daga farkon titi zuwa ƙarshe. Yaya ma bai tsaya jiran wannan ba. Ya daina buɗe manyan ƙofofin gaba ɗaya, ya bar ƙaramar gefe, ya rataya mata labule. In ta wuce sai ya leƙo yana murmushi.

"Matar ƙanina, ana ta fama? Ki ɗauke ni mana, na fi ginin kyau."

"Ranarka na zuwa, Yaya. Sai haske ya yi daidai."

Ta faɗa wa injiniyan gaskiya, cewa benen na yayan mijinta ne, da abin da ya faru a na farko. Ya cire tabarau ya goge.

"Hoton dai ya zama na gaske, daga titi, ba gyara. Kwamfuta ba ta san ƙiyayya ba."

"Ni na sani. Ya ishe mu."

Surukarta ce ta ba ta ranar, ba da saninta ba. Tana matsa mata ƙafa a ɗakin sama tsohuwar ke ƙorafi, wai jibi ba barcin rana, babbar mota za ta kawo firji masu ƙofa biyu, irin waɗanda ba sa shiga ta ƙaramar ƙofa.

"Sannu Inna," ta ce, ta ci gaba da matsa ƙafar.

Ranar ta sa tufafin gida, ta zauna a kantin magani da ke tsallaken titi kamar mai jiran layi. Mota ta zo, ƙofofin uku suka naɗe sama. Ta jira har aka gama saukewa motar ta ja gaba. Ga shagon a buɗe tun daga bango har bango, hawa huɗu a kan iska. Yaya na tsakiya, daidai inda ginshiƙi ya kamata ya tsaya, ya buɗe hannuwa yana nuna inda za a jera kaya. Ta fito, ta tsaya a tsakiyar titi, ta ɗauka.

Ja ya fito. Injiniyoyi suka shiga, suka buɗe silin, suka tarar da guntayen rodi a yanke. Aka ce kowa ya fita sai an gyara.

Dangi suka yi mata ca. Wai ta tona asirin gida, ta watsa 'yan haya. Inna ba ta iya sauka da ƙafarta, a kujera aka sauko da ita, tana rufe da fuska don kunyar jama'a. Mai Hoto ta tare ta a ƙasa ta ce ɗakinta a share yake.

"Da bakina kika yi wannan aikin, ko?" in ji tsohuwar.

"Da shi, Inna."

Tsohuwar ta tafi gidan 'yarta, kuma ba ta sake miƙa mata ƙafa ba. Wannan ya yi wa Mai Hoto zafi, har yanzu ba ta son a tayar da zancen. Amma ba ta taɓa cewa da ta sani ba.

Ginshiƙai huɗu aka sa Yaya ya zuba a maimakon biyun da ya cire, kowanne ya fi na da kauri, da bangon kankare a tsakiya. Shagon ya rabu lungu-lungu, firji mai ƙofa biyu ba ya juyawa a ciki. Kullum in ta tashi daga aiki ta nan take bi, ko da ba hanyarta ba ce. Ranar da aka cire katakon da aka zuba kankaren a ciki ta shiga, ta dafa ginshiƙin tsakiya, ta bubbuga shi da tafin hannu. Yaya na zaune a kan kwali, ya rame.

"Kin huce?" ya ce, bai ɗago ba.

"Da saura. Tashi ka tsaya a jikinsa, Yaya. Ka ce in ɗauke ka, yau haske ya yi daidai."