Randar Khal ta Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, sana'arta haɗa khal, wato ruwan tsami na binigar, da dabino. Da shi muke ci muke sha a Makka, ni da ita, a ɗaki ɗaya a ƙasan wani tsohon gida a Tandabawi. Lokacin ba a daɗe da ba Najeriya mulkin kai ba. Shekarata biyu da zuwa aikin hajji, mijina ya rasu a hanya, na rasa abin da zan koma wa a gida, na zauna. Daga ni har Goggo babu mai takardar zama. In muka hango askari, ɗan sandan can, a bakin titi, sai mu shige lungu kamar dama can za mu.

Aikin ba shi da wuya a ido. Ta jiƙa dabino mai arha a randa, ta yafa wa bakinta farin ƙyalle shara-shara, ta bar shi kwana arba'in. Daga nan ta tace, ta ɗura a kwalabe, masu tsamin kayan lambu su saya. Abin da ba ma faɗa da ƙarfi shi ne, tsakanin ruwan dabino da khal akwai wasu kwanaki da abin da ke cikin randar nan giya ne, ba wani sunan da za a canza masa. Goggo ta ce ta tambayi malami tun zuwanta, ya ce mata in ya juye da kansa ya zama khal, halal ne. Na yarda da malam. Sai dai askari ba malami ba ne, hancinsa kawai zai bi. Giya a Makka, a ɗakin mata biyu marasa takarda: bulala ce, da kurkuku, da jirgin ruwa zuwa gida.

Goggo ba ta dogara da ƙirgen kwanaki kaɗai. Kafin ta taɓa kwalba sai ta durƙusa ta manna kunne a jikin randar. In ta ji wani ɗan sauti can ciki, sis-sis, ta ce, "Yana numfashi, a bar shi." In ta ji shiru, ta ƙyasta ashana ta zura a bakin randar, dab da ruwan. Wutar ta mutu, bai yi ba. Sai wutar ta tsaya cak tana ci, sannan take tsoma ɗan yatsa ta kai harshe, ta yamutsa fuska, ta ce a kawo kwalabe.

A shekarar da nake ba da labari, kwana uku da jiƙa sabon dabino, aka aiko 'yarta ta haihu a Madina. Dole ta je wankan jego, shi ma arba'in ne. Tana ɗaure kaya tana yi mini bayani.

"Ke dai kar ki taɓa ƙyallen nan. Ki saurara, ki gwada da ashana. In kin ga shubuha, ki jira ni."

"Goggo, warin fa?"

"Wane wari? Shekarata nawa ina yi, wa ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa? Ke tsoronki ya fi jikinki."

Gaskiya ta faɗa. Ni matsoraciya ce tun ina yarinya, har yau ban warke ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sati na farko lafiya lau. A na biyu randar ta fara kumfa, warin ya cika ɗakin. Da Goggo tana nan ban taɓa lura da ƙarfinsa haka ba. Yanzu ina ji kamar ya shiga mayafina, ya shiga gashina. In na je ɗibar ruwa, wata ta ɗan ja hanci don mura, sai gabana ya faɗi. A saman ɗakinmu mai gidan take, wata tsohuwa 'yar asalin Makka da muke kira Sitti, ɗanta kuma ma'aikacin gwamnati ne, duk Juma'a yana zuwa cin abincin rana. Tagarmu tana ƙarƙashin matakalar da yake hawa.

Na yi turaren wuta har idona ya yi ja, bai rufe ba. Ranar wata Alhamis na kasa daurewa. Na cire ƙyallen, na kifa faranti a bakin randar, na kwaɓa fulawa na liƙe gefen tas. Warin ya ragu nan take. Har na ce a raina, ashe Goggo da duk wayonta wannan ɗan abu bai taɓa faɗo mata ba. Kullum ƙullin sai ya tsage ta wani wuri, kullum sai in ƙara liƙewa. Ban san cewa iska ce ke mayar da shi khal ba. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Ina tsoron giya, ina zaune ina gadinta da hannuna.

Ranar arba'in bayan sallar walha na rufe ƙofa na ɓamɓare ƙullin. Abin da ya bugi hancina ba tsamin da na sani ba ne, wani abu ne mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Na manna kunne. Yana nan, ƙasa-ƙasa, sis-sis. Na ƙyasta ashana, ta mutu. Na ce iska ce, alhali ƙofa a rufe, taga a toshe. Na ƙyasta ta biyu, ta uku, duk suka mutu tun kafin su kai ruwan. Ɗanɗanawa kuwa ban ko yi tunaninta ba. In kai wannan bakina, a garin nan?

Na zauna a ƙasa ina kuka ba sauti. In zubar a kwata, unguwa gaba ɗaya za ta ji. In bar shi a buɗe, gobe Juma'a. Sai na ga ba abin da ke riƙe wari kamar kwalba. Na tace, na ɗura kwalba goma sha huɗu, na danna matosai da dukkan ƙarfina, na jera su a ƙarƙashin gado. Na wanke randar sau uku. Ranar na ci abinci har na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Kwana huɗu bayan nan, ana tsakiyar zafin azahar, ina tsintar shinkafa, na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin gadon. Kafin in miƙe, kwalba ta biyu ta fashe. Ruwa mai kumfa ya malalo ta kan tabarma, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya fita tsakar gida. Na faɗa a kansa da zanina ina gogewa, fasasshiyar kwalba ta yanke ni a tafin hannu, ban ma ji ba. Sai na ji takun Sitti a matakala, a hankali, tana dogara sanda.

Ta tura ƙofar. Ta ja hanci sau ɗaya.

"Esh hada, ya binti? Mene ne wannan?"

"Khal ne, Sitti. Wallahi khal ne."

"Wannan ba khal ba ne." Ta dubi farantin da busasshen ƙulli a gefensa. "Kin rufe bakin randar?"

Na gyaɗa kai. Ina jira ta ɗaga murya ta kira maƙwabta, har ina ganin kaina a bayan motar askarawa. Maimakon haka sai ta mayar da ƙofar ta rufe. Ta sa na lulluɓe sauran kwalaben da jiƙaƙƙen buhu, ina sassauta matosan ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kaina. Ta sa na juye su a masai, na bi da toka da ruwa. Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure mini hannu.

"Ba zan gaya wa kowa ba," in ji ta. "Na san Goggonki, na san ba mashaya ba ce. Amma ɗana yana da aiki, in wannan ya fita, shi za a tambaya. In ta dawo, ku nemi wani wuri."

Goggo ta dawo bayan sati guda da tsarabar dabinon Madina. Na gaya mata komai ina durƙushe. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce kawai, "Allah ya rufa asiri," ta fara naɗe tabarma.

Inda muka samu shi ne Ka'akiyya, can bayan gari, wani ɗakin kwano. Ranar da muka tare, da rana ta karkata, Goggo ta yi alwala ta shimfiɗa dardumarta ta zauna. Shekara ashirin ke nan da kiran sallar Masallacin Harami take tashi, tana jinsa daga ɗakinta, ta taka da ƙafarta ta je. Ta zauna tana jan carbi, kanta a ɗan karkace wajen ƙofa. Inuwa ta yi tsawo. Ni na san kiran ba zai iso nan ba. Sai da rana ta fara ja sannan na matsa kusa da ita.

"Goggo, la'asar ta yi tun ɗazu."

Ta dube ni. "An kira?"

"An kira, Goggo. Nan ne ba a ji."