La'asar ɗin da Fatiha ta ɓace mini

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa manta la'asar ɗin da na tsaya sallah na nemi Fatiha na rasa ba.

Buhun wake na ɗauko a babur daga Dudunni zan kai kasuwar Kankiya, saniya ta faɗo mini hanya, kaina ya bugi dutse. An ce kwana tara na yi a asibiti ban san inda nake ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta taɓu, a sha magani, a yi haƙuri. Na dawo gida da ƙafata, ana ta yi mini barka. Ba wanda ya san abin da ya fita daga kaina.

Da la'asar ta yi, na yi kabbara, na buɗe baki in karanta Fatiha, babu. Abin da nake karantawa tun ina yaro. Na zauna kan buzu, gumi na zuba. Tsorona ɗaya, kada in mutu a haka, bakina ba komai. Don kunya na daina zuwa masallaci, ina cewa jiri ne.

Matata ce ta gane. Matar nan kuwa sau uku ina hana ta zuwa Islamiyyar matan aure, ina cewa wa zai tuƙa tuwo, sai da liman ya sa baki na ƙyale ta.

Ta aje tsintsiya ta ce, "Malam, jirin nan bai hana ka gona, sai masallaci?"

Na ce, "Ke, Fatihar ce ta tafi."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "To Wanda ya ɗauke bai san ya ɗauke ba ne? Tashi ka yi alwala."

Kullum sai ta zauna gefen tabarma tana faɗa ina maimaitawa, aya bayan aya. Yau in riƙe, gobe ta zube. In na fusata na ture buta, ta ɗauka ta sake cikawa. Maganin asibiti ma da lokutan sallah ta haɗa shi, don kada ya wuce ni. Wata huɗu muka yi a haka. Ranar da na kai ƙarshen surar ni kaɗai, na ji ta ce amin a bayana.

Har yau sunayen mutane na kuɓuce mini. Amma na koyi cewa Allah ba ya jiran bakinka ya gyaru kafin ya saurare ka. Kuma ƙofar da na tsaya ina tarewa, ta nan ya turo mini taimako.