Ramuka Huɗu a Banɗakin Mai Jego

Cikin duk ranakun da na yi a aikin famfo, akwai wata Alhamis ta watan Agusta da ta ƙi fita daga kaina. Ku da kuke aiki a hannuna kun sha jin ina tambayar mai gida, "Wa zai yi wanka a nan?" tun kafin in buɗe jakar kayan aiki. Har na ji labarin kun mayar da tambayar sunana a bayan idona. Ba komai, ku ci gaba. Amma yau ku zauna ku ji inda na samo ta.

Lokacin ina shekarata ta takwas a shagon Oga Emeka, nan cikin Kafanchan. Ga waɗanda ba su riske shi ba, kakansa ne ya zo aikin jirgin ƙasa daga Kudu, shi kuwa nan aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi, ni Bitrus ɗan Madakiya. Ma'aikatan shagonsa hawa uku ne. Akwai mai koyo, akwai wanda hannunsa ya faɗa har ake tura shi aiki shi kaɗai, sai babban ma'aikaci mai auna aiki da ba mai gida shawara. Ni ne babban ma'aikacin a lokacin, kuma kaina ya fi hulata girma. Doka ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: duk aikin da ya shafi gas, ba a miƙa shi ga mai gida sai Oga ya zo ya gani da idonsa. Ni a ganina raini ne kawai.

Wanda ya kira mu ranar Malam Sani ne, ɗan kasuwa mai sayen citta a Kwoi. Ya kama haya nan cikin Kafanchan a saman wani sabon bene, ɗaki biyu da falo da banɗaki ɗaya. Matarsa Zainab ta haihu ranar Talata, haihuwar fari, ta sha wuya ƙwarai, kuma Juma'a za a sallame ta. Da a gidan iyayenta a Godogodo za ta yi jego, sai likita ya ce ta zauna kusa da asibiti. Don haka mahaifiyarta, Inna Asabe, ta kwaso kayanta ta taho.

Matsalar ita ce ruwan zafi. Kun san wankan jego ba wasa ba ne: safe da yamma, ruwa mai zafin gaske, bokiti bayan bokiti, har kwana arba'in. A Godogodo sai a ɗora katuwar tukunya a murhu a zuba itace. A nan kuwa mai gidan hayar ya ce ko tsinke ba za a ƙona masa a tsakar gida ba. Malam Sani ya ce mini, "Bitrus, ka zaɓa mini. Hitar lantarki ko ta gas? Ni dai gobe in an kawo ta, ruwa ya zama a shirye."

Na zauna na zayyana masa kamar malamin makaranta. Hitar lantarki tanki ce, tana tara ruwa ta dafa shi a hankali, in ka kwashe bokiti ɗaya da rabi sai ka jira ta sake. Ba ta da hayaƙi, ba ta da rigima, amma baiwar wuta ce, kuma a unguwarsu sai a ɗauke wuta tun asuba ba a gan ta ba sai la'asar. Ta gas kuwa ba ta tara komai. Ka buɗe famfo, wuta ta kama a cikinta, ruwa ya ratsa ya fito da zafi, ba ya yankewa sai in tukunyar gas ta ƙare. Abin da take so kawai ruwa mai ƙarfi, na kuwa hau na duba tankin gidan, yana sama sosai. Na ce, "Malam, gas za ka sa." Har gobe ban yi kuskure a wannan ba. Kuskurena yana gaba.

Muka je kasuwa muka ɗauko hita. Kafin azahar na huda tayil ɗin banɗaki wuri huɗu, na rataye ta sama da famfon wanka, na ja mata ruwa, na ja tiyon gas ta ƙarƙashin ƙofa. Na shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ko ƙwaya ɗaya ba ta tashi ba, wato babu yoyo. Banɗakin ƙarami ne, amma yana da taga, kuma abin da aka koya mini ke nan: in akwai taga, iska za ta shiga. Na kunna, wuta shuɗiya shar, ruwa yana tururi. Malam Sani ya sa yatsa ya janye da sauri yana dariya. Na buga wa Oga waya ina hura hanci, na ce ya zo ya sa albarka.

Ya iso a kan tsohon mashin ɗinsa, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗa. Abin mamaki, bai nufi banɗaki ba. Falo ya shiga, ya rusuna ya gaida Inna Asabe, wadda ke zaune a tabarma tana tsinke ganyen darbejiya.

"Mama, barka da arziki. Ya mai jego? Ya baƙuwa?"

"Lafiya lau, Oga. Allah ya yi albarka."

"Mama, ke za ki yi mata wankan?"

"To da wa? Na yi wa 'ya'yan mutane, balle tawa."

"Ki nuna mini yadda kike yi. Ni namiji ne, ban sani ba."

Na ji kamar in nutse. A raina na ce yau Oga ya tsufa, an kira shi duba hita ya zo neman darasin ungozoma. Inna kuwa abin ya yi mata daɗi. Ta miƙe ta shiga banɗakin, muka tsaya a ƙofa. Ta nuna inda za ta ajiye kujera 'yar tsuguno, da inda baho zai zauna. Sai ta ɗaga kai ta ga tagar, ta ja tsaki.

"Wannan kam sai an toshe ta. Mai jego da iskar damina? Sanyi ya shiga jikinta ya zauna har tsufa? Na riga na tanadi kwali da tsummoki. Ƙasan ƙofar ma zan cusa zani."

"Wankan yakan ɗauki lokaci, Mama?"

"Ai ba a gaggawa. Sai jiki ya gasu."

Oga ya juyo ya dube ni. Nan take na gane. Wutar gas numfashi take yi kamar mutum. Iskar ɗaki take ci, in iskar ta yi ƙaranci sai ta fara fitar da wata guba marar wari marar launi. Mutum ba ya tari, ba ya ihu, jiri ne kawai da barci. Na san wannan sarai, na sha faɗa wa wasu. Taga na gani na kwantar da hankalina, ban tambayi wanda zai shiga ya rufe ta ba.

Oga ya ce, "Bitrus, sauke ta."

Malam Sani ya yi tsalle. "A sauke me? Haba Oga! Gobe fa za a kawo yarinyar nan. Yanzu na ga ruwa da idona. In ba za ku iya ba ku faɗa mini, masu aikin famfo sun cika gari."

"Sun cika, Malam, kuma za ka samu wanda zai bar maka ita a nan. Amma ba da sunan shagona ba. Ka ba ni minti goma sha biyar da kyandir ɗaya, in ban gamsar da kai ba ka kira wanda kake so."

Aka samo kyandir a kicin. Oga ya roƙi Inna ta shirya banɗakin daidai yadda za ta shirya wa 'yarta. Ta cusa tsummoki a gefen taga, ta danne ramin iskar da ke sama da kwali, sai gilashin kawai ya ce ta bari don mu gani. Ya sake bin mahaɗun gas da kumfa da kansa, sannan ya kafa kyandir a kan kujerar, ya kunna, ya buɗe famfon zafi, ya fito. Inna ta cusa zani a ƙasan ƙofa. Muka zagaya baranda mu huɗu muka leƙa ta taga.

Da farko ba abin da ya faru, Malam Sani har yana duba agogo. Tururi ya fara rufe gilashin, amma muna hango haske biyu, na hita da na kyandir. Can sai wutar hita ta bar shuɗi ta koma ja-ja tana rawa. Harshen kyandir ya rage tsawo, ya dunƙule ya zama kamar ƙwayar masara. Ba iska, ba wanda ya hura shi, ya mutu a kan kujerar da Zainab za ta zauna.

Inna Asabe ta dafe ƙirji tana salati. Oga ya rufe tukunyar gas daga waje, ya tura ƙofa da ƙafa, ya hana kowa shiga sai da iska ta ratsa. Ni kuwa na zauna a dakalin baranda. Kunya da tsoro suka haɗu mini, ban taɓa jin irinsu ba.

Malam Sani ya ce, "A fitar mini da ita daga gidan nan. A sa ta lantarki. Ko wuta ba ta zuwa, na yarda."

Ni da nake zaune, da gudu zan amince. Amma a nan ne na san Oga Emeka ya fi ni nesa ba kusa ba. Ya girgiza kai, ya sake juyawa wurin tsohuwa.

"Mama, in aka sa ta lantarki, gari ya waye babu wuta, ga mai jego tana jira, me za ki yi?"

Inna ta ce, "Ai na zo da kurfoti, ɗan murhuna na ƙarfe. Da gawayi rabin buhu, yana bayan ƙofar kicin. Sai in shiga da shi ciki in dafa, ɗakin ma ya yi ɗumi."

"Ka ji ko, Malam? Gawayi a rufaffen ɗaki ya fi wannan hitar saurin kisa. Mama ba za ta fasa wankan nan ba, kuma ba za ta bar taga a buɗe ba, ko mun sa ta rantse. Ba laifinta ba ne, 'yarta take karewa yadda ta iya. Mu ne za mu yi aikin da zai zauna lafiya da ita. Bitrus ya yi daidai da ya ce gas. Wurin zaman da ya dace ne bai ba hitar ba."

Ku lura, a gaban mai gida ya faɗi inda na yi daidai kafin inda na kauce. Wani ogan da ya wanke ni tas a wurin.

Muka sauke hita muka fito da ita baranda, bangon da ke bayan banɗakin. Oga ya tura aka kira mai walda ya yi mata keji mai rufin kwano, ruwan sama ba ya taɓa ta, iska kuwa tana shiga ta ko'ina. Tukunyar gas ma waje, cikin nata kejin. Bututun ruwan zafi kaɗai ya ratsa bango ya shiga ciki. Kafin magariba mun gama. Aka sake toshe banɗaki, aka sake kunna kyandir, aka buɗe famfo. Kyandir ɗin ya ci har ya kusa rabi, tsaye kyam, sai da Inna da kanta ta ce a kashe kada a yi asara. Sannan Oga ya roƙe ta gawayin, ya ce matarsa na son gasa masara. Ta yi dariya ta gane nufinsa, ta ba shi har da kurfotin. Ya ɗaure su a bayan mashin.

Na kwaɓa farin siminti zan cike ramuka huɗun da na huda a tayil, sai Malam Sani ya riƙe mini hannu. Ya ce in bar su, yana so ya riƙa ganinsu.

Bayan mako biyu na koma duba aiki, kamar yadda dokar shago ta ce. Na samu banɗakin a toshe ruf, har da wata tsohuwar katifa a jikin taga. Inna ta ce, "Ɗana, ko sauro ba ya shiga." Zainab na zaune a falo tana shan kunun kanwa, jaririya a cinyarta, fuskarta ta yi fes. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce an ce ni na haɗa mata ruwan zafi, Allah ya saka. Na amsa da kyar. Na sauko daga benen na tsaya a gindin matakala, na gode wa Ubangiji da ya sa dokar nan ta sai Oga ya gani da idonsa, wadda nake jin haushinta, ta fi ƙarfina.

Abin da na koya ke nan. Mai gida zai tambaye ku lantarki ko gas, kuma kowanne a cikinku ya iya amsar: ƙarfin ruwa, zuwan wuta, yawan bokiti. Wannan rabin aiki ne. Ɗayan rabin yana wurin wanda zai shiga ya rufe ƙofa, kuma sau da yawa ba shi ne ya kira ku ba, yana can gefe a tabarma ba wanda ya tambaye shi. Oga Emeka ya ajiye aiki yanzu, idonsa ya yi rauni, amma ban taɓa ganin wanda ya iya gani kamarsa ba.

Malam Sani yana gidan har yau. Watan jiya na je canza masa famfon kicin, jaririyar nan ce, ta girma, ta buɗe mini ƙofa da kayan makaranta a jikinta, ta ruga ciki tana kiran mamarta. Mamar ta amsa daga ɗaki. Da na shiga banɗaki wanke hannu, ramukan nan huɗu suna nan a bango, na tsaya na ƙirga su.