Wutsiyar Kaset ɗin Ɗan'inna

Ɗan'inna ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa na yanka Idirisu, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Ni aka sa a boko har na gama sakandare, shi ya tsaya ga allo da gona a Aujara. Ba shi da wayo sosai, ba zan ɓoye ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne.

Da aka mai da Dutse babban birnin jiha a 1991, ma'aikata suka cika gari, sai ya taho wurina da rikoda mai baki biyu a cikin buhu. Ya kafa tebur kusa da tasha, bayan shekara biyu ya kama shagon haya. Ka zo da kaset ɗinka ya ɗaukar maka abin da kake so, ko ka sayi nasa. In zaren kaset ya tsinke ya liƙa shi da gam, ya naɗe da biro. Ba ya karanta rubutun jikin kaset. Direba zai tsaya ya rera masa guntun waƙa ta hanci, shi kuwa ya miƙa hannu ya zaro ta ko juyawa bai yi ba. Duk Asabar nake zuwa in rubuta masa sunaye, bai taɓa duba su ba.

Tun a lokacin yake ce mini waƙoƙin shagonsa ba su kai yawan da ido ke gani ba. Wata rana ya sa mini kaset uku a jere: wata Ba'indiya, sai wani mawaƙin Kano mai fiyano yana waƙar soyayya, sai 'yan matan wata Islamiyya suna yabon Manzo.

"Yaya, kin ji? Karin waƙar ɗaya ne. Baki kawai aka sauya."

Na ce to sai me. Ya ce ba komai, shi dai ya ji ne.

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a. Mun yi murna, Ɗan'inna ma har shago ya rufe ya tafi taro. Bayan 'yan watanni mutanen unguwar tasha suka kafa kwamitinsu, Malam Saifuddeen mai makarantar Islamiyya ne shugaba. Suka ba Ɗan'inna mako biyu ya fitar da kiɗa daga shagon. Karatu da wa'azi da yabo su zauna. In bai yi ba, za su gaya wa mai ginin ya karɓi makullinsa. Ɗan'inna kuwa yana da mata da 'ya'ya biyar, ba shi da wata sana'a a Dutse.

Ya zauna rarrabewa, nan ya fara rikicewa. Ya ɗago kaset ɗin 'yan Islamiyya ya tambaye ni wane ɓangare zai sa shi.

"Yabo ne, sa shi a yabo."

"Ai muryar Indiya ce."

"Kalmomin fa?"

"Kalmomin na yabon Manzo ne. To in kalmomi ake dubawa, na mawaƙin Kano ma akwai salati a farkonsa."

Na ce ya ƙyale ni, kaina na ciwo.

Kaset ɗin kiɗa sun fi rabin shagon, ya ce ba zai iya ƙona su ba. Sai ya yi abin da ya iya. A bayan kowane kaset akwai 'yar kafa, in an toshe ta da takarda ana iya ɗaukar sabon abu a kan tsohon. Ya toshe su duka, ya yi ta ɗora wa'azi a kansu daga safe har la'asar, ni ina canza rubutu. Abin da bai tuna ba, wa'azin yakan ƙare kafin zaren ya ƙare. Da malami ya shafa addu'a sai Ɗan'inna ya danna ya cire, kamar yadda ya saba. Abin da ke wutsiyar zaren yana nan yadda yake.

Ranar dubawa ina shagon. Malam Saifuddeen ya zo da mutum biyu, Alhaji Muslim mai sayar da taya da wani tela, Uwaisu. Malam ya zaɓi kaset ɗaya ya ce a kai shi wajen ƙarshe, yana son jin addu'ar. Aka yi addu'a, muka ce amin. Kaset ya ɗan yi shiru, sai ga sarewa da ganga.

Alhaji Muslim ya miƙe tsaye. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, Alhaji. Wannan ta ɗalibaina ce, ita suka yi a walimar bara."

Har yana kaɗa kai. Sai muryar mace ta shigo da Indiyanci.

Malam ya daina kaɗa kai. Ya dubi Ɗan'inna ya ce, "Wa ya kai wa Indiyawa waƙarmu?"

"Allah gafarta Malam, su suka riga."

"A'a. Ƙanwata Safina ce ta tsara ta, a gidana, ina gani."

"Baitocin ta tsara, Malam. Karin kam tun ina kan tebur nake sayar da shi."

Uwaisu ya ce ashe ke nan sai an hana 'yan makaranta tasu. Alhaji Muslim ya ce a'a, magana ake dubawa, ba murya ba. Uwaisu ya ce in magana ce, waye a cikinsu ya san abin da matar nan take faɗa? Wataƙila ita ma addu'a take yi. Suka juyo gare ni, wai ni ce 'yar boko. Na ce Turanci aka koya mini, ban taɓa zuwa Indiya ba.

Malam ya kashe rikodar. Daga baya ya ce a shafe duk wutsiyoyin, shago ya zauna. Ya nemi kaset ɗin 'yan Islamiyyar nan, ashe na ɗalibansa ne, ya sa a aljihu, ya ce zai duba. Har ya rasu ban ji hukuncin ba, kuma na ji yaran suna rera ta a wata walimar.

Shago ya tsira, amma direbobi suka koma sayen kiɗansu a Kano. Ba a yi shekara uku ba faifan sidi ya shigo. Shi ba a toshe masa kafa, ba a liƙa shi, in ya karce sai jefarwa. Hoton mai waƙa yana jikin leda, ba wanda ke buƙatar kunnen Ɗan'inna. Yana ta cewa sidi ba zai daɗe ba, kaset zai dawo. Rabin maganarsa ya tabbata, don yanzu jikokina a waya suke ji, ko faifan ba su sani ba. A 2005 ya mayar da makulli da hannunsa ya koma Aujara.

Manoman can suna zare zaren kaset su ɗaura a kan gero, yana walƙiya yana kaɗawa, tsuntsaye su gudu. Da suka ji ya dawo da kaset buhu huɗu suka yi ta zuwa roƙo. Ya hana. Ya ce akwai ayoyi a ciki, ba zai shanya su a gona ba. Suka ce ya ba su na kiɗan. Ya ce ba na kiɗa, duk ya ɗora wa'azi. Suka ce to ya yanko musu wutsiyar. Ya ce wasu ya shafe, wasu bai kai gare su ba, kuma ba a gane iyakar da ido, sai an saurara, rikodar kuwa ta mutu, ba mai gyara.

Buhunan suna ɗakinsa, ya ɗora su a kan bulo saboda gara. Da na je sallar bara ya tambaye ni ko ya binne su ne kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu. Na ce ya tambayi malamai. Ya ce ya tambayi biyu, ɗaya ya ce ya binne, ɗaya ya ce roba ce kawai.