Yashin Iska a Ƙarƙashin Garinmu

Rijiya ta rufta da ni ina cikinta. An tono ni da rai, amma ƙafata ta hagu ba ta sake miƙewa daidai ba.

Garinmu ƙarami ne, yamma da Sinnar, nesa da kogi, nesa da tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Kakanninmu sun taso daga yamma da ƙafa za su Makka, suka tsaya nan, suka yi noma, suka mutu nan. Ruwan shanmu daga hafir yake, babban rami mai tara ruwan damina. Sai damina ta riƙa gajarcewa, habub, guguwar ƙura, ya yawaita. Da la'asar za ka ga jan bango ya taso daga ƙasa har sama, kafin ka kora awaki gida ya iso. In ya wuce, ƙura a tukunya, ƙura a kunne, ƙura a cikin hafir. Muna kwashewa, yana mayarwa. Shekarar da nake magana, hafir ya ƙafe tun ba a gama sussukar dawa ba.

Mata suka koma ɗebo ruwa a tur'a da jakuna, tafiyar asuba zuwa azahar. Gidaje suka fara tashi suna komawa kambo, bukkokin 'yan ƙwadago a bakin gonakin wasu. A kambo akwai ruwa. Amma ba ka da gona, kuma ranar da mai ƙasa ya ce ka tashi, sai ka tashi.

Maigari ya tara mu bayan sallar Juma'a. Tsoho ne, sa'ar babana.

"Ƙurar nan ba a taɓa ganin irinta ba," in ji shi. "Ƙasar ta mutu. In zafi ya kama ba mu da ruwa, ni da kaina zan ɗaura kaya."

Ni haƙar rijiya na gada. Na ce, "Baba, a ba ni igiya da masu ja."

"An haƙa a baya, ba a samu ba."

"Ba ni na haƙa ba."

Aka ba ni. Mai riƙe min igiya taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba mu gaisawa sai da zagi. Ranar farko ya leƙo ya ce, "Bawana, yi zurfi da kyau. In ka mutu a ciki mun huta da haƙa kabari."

Na ce, "Riƙe igiya, rago. Hannunka ba abin da ya sani sai kofin shayi."

Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani tauri gare ta kamar ƙaho. Ba a ɗaure wa rijiya bango sai an gama, lakar ke riƙe kanta. Babana ya koya min tara kowace irin ƙasa daban a bakin rijiya, don mutum ya riƙa ganin abin da ya ratsa. Tulin baƙa ya girma. Bayansa aka fara tulin wata mai haske, mai fararen tsakuwa. Sai wata safiya dagi ya shige ba ƙara. Yashi.

Da guga ya fita da shi, na ji guɗar mata daga sama. Mutanenmu sun zo da wani sani daga yamma: in mai haƙa ya taɓa farin yashi, ya hau gadon tsohon kogi, ruwa na ƙarƙashin ƙafarsa. A garin nan ba wanda ya taɓa ganin yamma da idonsa sai tsofaffi ƙalilan, amma kowa ya riƙe wannan. Ni ma haka na ji daga babana. Maigari ya leƙo yana cewa, "Ɗana, kada ka tsaya, ka iso!" Aka kama akuya za a yanka. Na ci gaba.

Da hantsi yashin ya zubo. Bai yi ƙara ba. Bango ya narke ta bayana, ya kama ni har wuya, laka daga sama ta biyo shi ta faɗa kan ƙafata. Gugan ƙarfen da ke hannuna ya kife a fuskata, shi ya bar min ɗan numfashi. Taubashina bai jira kowa ba, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauko, yana tono da hannu yana zagina.

"Kada ka mutu, ɗan banza! In ka mutu wa zan zaga?"

Mai ɗori ya ɗaure ƙafar. Na kwanta a kan angareb, gadonmu na igiya, ina tofar da yashi kwana da kwanaki. Gidaje suka ƙara tashi. Ba wanda ya zo ya ce min komai, sai dai na riƙa jin kukan jakuna da sassafe, in san wani ya tafi.

Wata la'asar habub ya taso. Matata ta rufe ƙofa, amma ya shigo ta kowace kafa, ya kwanta min a bayan hannu. Na lasa. Na san wannan ɗanɗanon, shi ne ya cika min baki a cikin rami. Na ce ta ɗebo min yashi daga tulin rijiya, ta kuma ɗebo wanda habub ke tarawa a gindin katanga.

Ta ce, "Maigida, ƙafa ce ta karye ko kai?"

Amma ta ɗebo. Na murza su, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na yi aikin bulo a bakin kogi da ƙuruciya, na san yashin ruwa: yana da kaifi, yana da tsakuwa, yana ƙyalli a rana. Waɗannan biyun ba su da ko ɗaya. Laushi kamar gari, ƙwaya duk kai ɗaya.

Na sa aka kira min maigari.

"Baba, yashin nan ba na kogi ba ne. Iska ta kawo shi."

"Iska a ƙarƙashin ƙasa?"

"Lokacin da ta kawo shi, nan ne saman ƙasa."

Ya karɓi yashin yana murzawa. Na ce masa habub ɗaya ba ya barin abin da ya fi kaurin farce, wannan kuwa ya wuce tsayina ban ga ƙarshensa ba. Ya lissafa da kansa shekarun da iska ta yi tana zubawa. Na ce, "Ka ce ba a taɓa ganin ƙura irin tamu ba. An gani, ta fi tamu. Kuma ta ƙare, tunda laka ta hau kanta muna noma a kai."

"To, ruwa fa?"

"Ban sani ba. Amma ban ga abin da iskar ta rufe ba tukuna."

Ya ce in ƙafata ta yarda, shi bai hana ba.

Ranar da na fara takawa da sanda na tafi wurin tsofaffin da ke saƙa mana rumbu. Na ce su saƙa min rumbu da ɗanyen itace, ba gindi, ba rufi, faɗinsa daidai da rijiya. Muka kwashe abin da ya zube, muka zura shi. Ina tsaye a ciki ina ɗibar yashi daga ƙasa, shi kuma yana nutsewa a hankali yana tare bango. In ya nutse, a ɗora wani a kansa. Matata ba ta ce kada in koma ba. Kowace safiya takan ɗaure min ƙafar da tsumma, ta juya ta shige ɗaki.

Aikin ba sauri. Wannan karon ba 'yan kallo, ba akuya. Daga ni sai taubashina da masu ja. Yakan ce musu, "Mutane hatsi suke zubawa a rumbu, mu gurgu muke zubawa." Zafi ya kama. Na ji an ce a gidan maigari an fara ɗaure tabarmi.

Yashin ya ƙare ne farat ɗaya, kamar an yanka da wuƙa. Ƙarƙashinsa laka ce toka-toka, mai sanyi, mai warin tafki. Cikinta bawon katantanwa ba iyaka, da ƙashin bayan kifi mai kaurin babban yatsa. A wurin da sai ka yi wuni a kan jaki kafin ka ga kogi. Na aika da su sama. Mutane suka taru, wasu suna cewa ruwan Ɗufana ne. Liman ya juya ƙashin a tafin hannunsa ya ce Allah ne masani, wanda ke juya dare da rana, mai da tafki rairayi ba zai yi masa wuya ba. Ni dai abin da na gani da idona ke nan, daga ƙasa zuwa sama: tafki, sai iska, sai laka, sai mu.

Ruwan bai tsarto ba, tsatsowa ya yi. Ƙafar hagu ba ta jin sanyi sosai, sai da ya taɓa ta dama na sani. Na bari ya taru, na cika guga, na girgiza igiya. Aka ja shi sama. Ba wadda ta yi guɗa, an riga an yi sau ɗaya an ji kunya. Aka ja ni na fito, na tarar da maigari riƙe da ƙwarya. Ya sha, ya tsaya, ya ƙara sha.

"Da ɗan zartsi," in ji shi.

Na ce, "Baba, ka fi son na tur'a?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya juya ya ce da babban ɗansa, "Je ka ce su kwance kaya."

Daga baya muka kawo jan bulo daga bakin kogi muka ɗaure rijiyar daga ƙasa har sama, muka yi mata murfi saboda habub, don har yau yana zuwa. Waɗanda suka tafi kambo, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Garin bai tashi ba.

Yanzu na tsufa, na daina sauka rami. Ina nan garin, gidana yana kudu da rijiyar, kusa da bakinta.